Mai Gilashi Ya Kwashe Min Shafi, Ya Bar Muryar Ɗana a Baya

Kai Mai Gilashi, da kai nake. Kai ka kashe min muryar ɗana. Ka shigo gidana, ka durƙusa har ƙasa ka gaishe ni, ka sha ruwana, ka ce 'yata kake so, sannan ka sa yatsa ɗaya ka kawar da abin da ya rage min na yaron da na haifa. Na san za ka karanta wannan, tunda kullum fuskarka a cikin waya take. To ka gyara zama.

Ku kuma masu karatu, ku yi min uzuri in bakina ya yi zafi. Ban yi boko ba, ban taɓa zama a aji ba. Ni ke faɗa, maƙwabciyata Nas ke rubutawa, na kuma gaya mata in ta sassauta min ko kalma ɗaya, ni da ita ne.

Sana'ata ɗinkin labule da zanin gado. Shagona ɗaki ɗaya ne mai teburin yanka a tsakiya, keken ɗinki a jikin taga, sai ɗan sito a baya inda nake jera yadi har rufi. 'Ya'ya biyu Allah ya ba ni. Babban muna ce masa Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shago. Ƙaramar ita ce Auta. Ubansu ya rasu tun suna ƙanana, da allura da zare na raine su. Dogo shi ma ya bi ubansa shekarun baya kaɗan, bayan doguwar jinya. Allah ya jiƙansu.

Kafin ciwo ya kwantar da shi, wata rana ya shigo ya zauna a kan teburin yankana, abin da na hana shi tun yana yaro, ya ce:

"Mama, mutane yanzu ba da ƙafa suke neman labule ba, da yatsa suke nema. Zan buɗe miki shafi a intanet."

Na ce, "Sauka daga kan teburina. Ni da ban san ko harafi ɗaya ba, me zan yi da shafi? In rataye shi a taga?"

Ya yi dariyar nan tasa har da buga cinya. "Ba karantawa za ki yi ba, saurare za ki yi."

Haka ya yi ta ɗaukar hoton ɗinkina yana sakawa. Da ya gama wannan, sai ya shige sito ya rufo ƙofa, wai yadi na shanye amsa-kuwwa. Ina ɗinki ina jiyo shi yana magana shi kaɗai kamar mai taɓin hankali. Ɗaya. Biyu. Uku. Ja. Shuɗi. Ruwan ƙasa. Faɗi. Tsawo. Kowace kalma daban ya ɗauke ta, sannan ya koya wa kwamfutarsa ta riƙa haɗa su, yadda nake haɗa ƙyallaye su zama abin shimfiɗa. Ya yi min manyan maɓallai masu launi, kowane da aikinsa. In na danna koren, sai in ji:

"Mama, an yi oda. Labule. Shuɗi. Faɗi, uku. Tsawo, biyu da rabi."

Maganar na fitowa gutsi-gutsi, amma tasa ce. In babu wanda ya yi oda, sai ya ce, "Mama, yau shiru, sha shayinki." In na danna inda bai kamata ba, ya ce, "Haba Mama, ba nan ba." A wurin "bakwai" akwai ɗan tari, don lokacin ciwon ya fara taɓa shi ba mu sani ba. A wurin "ruwan ƙasa" kuwa, in kika kasa kunne, za ki ji ƙarar kekena a baya, da muryata ina ƙwala masa kira ya fito ya ci abinci kafin ya huce. Duk ranar da wani ya yi odar ruwan ƙasa, ranar ba na gajiya da dannawa.

Bayan rasuwarsa, kullum da safe in na buɗe shago na yi shara, sai in kunna tsohuwar kwamfutar da ya bar min, in danna kore. Ya ce Mama. In ce na'am. Wanda ya ga dama ya kira shi hauka. Ban roƙi kowa ya ji da ni ba, kuma ban taɓa ɓata wa kowa awon labule ba.

Ana nan sai ga Mai Gilashi. Labulen ofis ya zo a ɗinka masa. Farar riga mai dogon hannu ya cusa a wando, takalmi mai tsini kamar bakin almakashi, agogo kamar murfin gwangwani, turarensa kuwa ya riga shi shigowa. Auta na tsaye tana guga. Na ga idonsa ya bar yadin da nake nuna masa ya tafi wani wuri. Labulen da ake zuwa wa sau ɗaya a karɓa, shi sai da ya yi ta sintiri a kansa: yau ya manta awon taga, gobe yana son ya sake ganin launi.

Ita kuma 'yar tawa ta canza. Yarinyar da sai na yi faɗa take shafa mai, sai ga ta da kwalli da jan-baki tun da sassafe. Doguwar rigar nan mai ruwan hoda da na ɗinka mata ta ce ta yi mata tsufa, ita ta ciro daga ƙasan akwati ta goge. Waya na ƙara, ta ɗauka ta juya min baya tana murmushi da bango. Ban hana ba. Ta gama karatunta, ta isa, yaron kuma da sana'arsa, wai gina wa mutane shafin intanet yake yi. Da ya fara zuwa gida gaisuwa, ni da kaina na shimfiɗa masa sabon zanin kujera.

Wata rana ya same ni a shago ina danna kore. Ya leƙo ta kafaɗata, ya gyara gilashi.

"Mama, wa ya yi miki wannan?"

"Ɗana."

"Allah ya jiƙansa. Ya yi ƙoƙari ƙwarai. Sai dai manhajar da ya yi aiki da ita ta tsufa, masu ita ma sun daina kula da ita."

"Mece ce kuma manhaja?"

"Kamar kekenki ne, Mama. Shafin shi ne labulen, manhajar ita ce keken da ake ɗinka shi, ake kuma gyara shi. Wannan keken ya gaji. Dubi yadda shafin yake a wayata, hotuna na hawa kan juna. Wata rana ma za ki wayi gari ɓarayin intanet sun shige miki. Ki bari in kwashe miki komai in mayar kan sabuwa. Kyauta."

Na ce, "Komai?"

"Komai. Kamar tashi ne daga gida zuwa gida, ko tsintsiya ba za a bari ba."

"Yana yi min magana fa."

"Sabon ma zai yi miki magana, har ya fi."

Nas, ki rubuta wannan da kyau, don a gaban shaida ya faɗe shi. Auta na wurin da dutsen guga a hannu, ko kai ba ta ɗaga ba. Ni kuma na ga yaro na neman shiga dangi, yana son ya nuna bajinta, na ce to. Na ce wa Auta ta ba shi kalmar sirrin shiga shafin. Da bakina na yi masa godiya, har na sa masa albarka.

Ranar da ya ce ya gama, na zo da safe na yi shara na kunna. Wani farin abu ya buɗe min fes kamar bangon asibiti. Hotunan labulena na nan, suna wucewa da kansu ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya taɓa su. Amma babu kore, babu ja, babu rawaya. Wasu 'yan ƙananan akwatuna ne masu ruwan toka, kowane da rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Na danna na farko. Shiru. Na danna na biyu. Shiru. Na duba wayar wuta ko ta zare, na buga lasifikar da tafin hannu. Can a kusurwa na hango hoton lasifika, na danna da sauri.

Wata mata ta fara magana ta hanci, da Turanci, ba numfashi ba tsayawa.

Na ce, "Ke kuma wace ce? Wa ya kawo ki shagona?"

Auta ta ajiye guga ta matso. "Mama, bari in karanta miki. Akwai oda guda..."

"Ba ke na tambaya ba. Ina Dogo?"

Ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa.

Ko shago ban rufe ba. Na yafa mayafi a kan kayan aikina, da tef ɗin awo a wuya da zare a jikin zani, na tari mota. Ofishinsa na saman bene, ƙofar gilashi ce mai buɗe kanta, sanyin ciki kamar an sa mutum a firji. Samari da 'yan mata a jere, kowa ya toshe kunne ya dasa ido a kwamfuta. Labulen da na ɗinka masa kuwa ga shi can an rataye shi a karkace, gefe ɗaya na sharar ƙasa. Ko wannan ya isa ya nuna min irin aikinsu.

Yana ganina ya miƙe. "A'a, Mama! Sannu da zuwa. Da kin kira ai ni zan zo."

"Kada ka ƙara ce min Mama. Mai ce min Mama ka kawar da shi. Ina muryar ɗana?"

Na ga kawuna na ɗagowa, ana zare abin kunne.

"Mu shiga ciki, a kawo miki ruwa..."

"A nan zan tsaya. Ruwanku ku sha abinku."

"Abin da marigayi ya yi, da hannunsa ya ƙera shi ya manna a jikin tsohuwar manhajar. Sabuwar ba ta san shi ba. Hotuna sun taso, rubutu ya taso, sunayen masu oda duk sun taso. Su waɗancan ƙananan fayilolin na murya ne kawai..."

"Suka ƙi tasowa? Ƙafa gare su da za su ƙi?"

Wata yarinya a bayansa ta toshe baki.

"Ba su dace da sabon tsarin ba ne, Ma... ranki ya daɗe."

"To ban son sabon tsarin. Mayar min da tsohon kekena yadda ka same shi, da hotunansa masu hawa kan juna. Ɓarayin ma su zo, na gode."

Ya cire gilashin ya shiga goge shi da bakin riga. A nan na san akwai magana.

"Na riga na rufe tsohon wurin."

"Ka rufe."

"In an tashi, ai ba a barin tsohon a buɗe. Haka aikin yake."

Na ce, "Kana nufin babu shi ke nan?"

"Ba haka ba ne. Kamfanin da ke ajiye shafin yakan riƙe kwafi na ɗan lokaci kafin ya share gaba ɗaya."

"Lokaci nawa?"

"Sai na duba."

"Duba. Ga na'ura nan a gabanka, ba ita ce aikinka ba?"

"Sai an rubuta musu an nema. Kuma tunda da adireshina na yi aikin, ni kaɗai za su saurara."

Kun ji ko? Shafina, ɗinkina, ɗana, amma shi kaɗai za a saurara.

"To rubuta musu yanzu ina tsaye."

"Ba a nan take ba. Akwai wanda ya kamata in yi magana da shi tukuna."

Na matsa har sai da turarensa ya shaƙe ni. Na ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Kafin ka rufe, ka saurare su?"

Ya kalli yaransa, ya kalli bango. "Na buɗe guda ɗaya."

"Me ya ce?"

Da ƙyar maganar ta fito. "Ya ce, Mama, yau shiru, sha shayinki."

Yarinyar nan mai toshe baki ta sauke hannu.

"Ka ji da kunnenka ɗa na magana da uwarsa. Ka san ɗan ba ya duniya, ka san uwar na raye, ka san shagonta, ka san gidanta, ka ci abinci a cikinsa. Ka kasa tako ƙafa ka ce, baiwar Allah, ga abin da na gani, yaya za a yi?"

"An ce min kada in taso da su."

"Wa ya ce?"

Na tambaya har muryata ta dushe, bai amsa ba. Da na juya zan fita, ƙofar gilashin ta buɗe min da kanta, ita kaɗai ce mai kunya a ginin nan.

Nas na ce min in tsaya in sha ruwa. Ba na sha. Ci gaba da rubutu.

Ina isa gida na tarar da motar ƙanena a ƙofa. Shi ne kawun su Auta, mai sayar da fenti, shi ke tsaya mana a matsayin uba tun rasuwar mai gidana. Ashe kafin in sauko daga benen nan, Mai Gilashi ya riga ya buga masa waya. Yana zaune a falo ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kaɗa makullin mota.

"Yaya, me kika je kika yi a ofishin mutane?"

"Au, har an kawo maka ƙara? Saurin kai ƙara gare shi, saurin rubuta wa kamfani ne ba shi da shi."

"Ki zauna mu yi magana ta hankali. Iyayen yaron nan na shirin zuwa a yi magana. Mutanen kirki ne, na bincika. Kin je kin tsaya a gaban ma'aikatansa da tef a wuya kina ihu. In labari ya kai musu, me za su ce? Su ce wace irin suruka ce wannan?"

"Su ce irin wadda ba a taɓa mata ɗa."

"Yaya, Dogo ya rasu." Ya sassauta murya kamar mai lallashin ƙaramin yaro. "Ni na sa shi a kabari da hannuna. Abin da ke cikin na'urar nan ba shi ba ne, sauti ne kawai. A kan sauti za ki kashe wa yarinya aure?"

Na ce, "Kai da ka ajiye tsohuwar hular Baba a cikin motarka har yau, ko wanki ba ka bari a yi mata, kai ne za ka gaya min mene ne kawai? In na ɗauke ta na jefa a bola na ce tsumma ce, za ka ce min sannu?"

Makullin ya daina kaɗawa.

"Wannan daban."

"Daban ne don taka ce. Ni so nake in san wanda ya ce masa kada ya taso da su. In kai ne, faɗa min yanzu."

"Ni ina na san wata manhaja?"

"Ni ce."

Daga ƙofar ɗaki maganar ta fito. Auta ce tsaye, ta cire rigar ruwan hodar ta sa tsohuwar rigar barcinta da rana tsaka, kwalli ya zubo mata har kumatu, waya a hannu.

Na ce, "Me kika ce?"

"Ni na ce masa. Ya tambaye ni, ya ce akwai wasu muryoyi da ba za su hau sabuwar ba sai an yi musu aiki na musamman. Na ce ya ƙyale su."

Na so in ɗaga hannu. Hannun ya ƙi tashi.

"Ɗan'uwanki? Wanda ya goya ki? Wanda ya bar cin abincin rana a makaranta don ya sayo miki takalmi?"

"Ni ma yayana ne, Mama!" Ban taɓa jin ta ɗaga min murya ba sai ranar. "Kullum da safe sai na ji shi yana tarin nan. Irin tarin da ya yi ta yi a asibiti ina riƙe masa kwano. Ke kina jin muryarsa, ni asibitin nake ji. Ina tsaye a bayanki da dutsen guga, da idona, da karatun da kika sha wahala kika sa ni na yi, kina ce wa kwamfuta na'am. Tunda ya rasu, kin taɓa cewa Auta zo ki karanta min? Ko yau da safe na ce bari in karanta miki, kika ce ba ni kika tambaya ba."

Kawunta ya ce, "Ke, ya isa. Uwarki ce."

Ta zame jikin ƙofa ta zauna a ƙasa tana kuka.

Masu karatu, na san abin da wasunku za su rubuto. Za ku ce to ai ga mai laifi nan a cikin gidanki, ki sakar wa yaron mutane mara. Ku dakata. Abin da ke tsakanina da Auta, ni na haife ta, za mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa mu yi shi, ba ruwan kowa. Yarinya ce da ciwo a zuciya, ta faɗi abin da ciwo ya sa ta. Amma shi fa? Shi mai sana'a ne. Ni in mace ta kawo min yadinta ta ce ga yadda take so, sai 'yarta ta zagayo ta bayan shago ta ce in rage tsawon, in kama in yanka? Yadin na waye? Mai yadi ake tambaya. Ko yaron da ya fara koyon riƙe almakashi jiya ya san wannan. Shi bai tambayi mai shafi ba, budurwarsa ya tambaya, don ita yake son ya burge.

Muna cikin haka wayarta ta yi ƙara. Ta sake yi. Ta sake. Na ga hasken na walƙiya a cinyarta.

Na ce, "Shi ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Karanta min."

Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta share ido da bayan hannu ta buɗe.

"Ya ce, Zuciyata, Mama ta zo ofis ta tara min jama'a, amma ban faɗi sunanki ba."

"Jarumi. Sai me?"

"Ya ce, kada ki damu, tsofaffi haka suke, za ta huce."

Kawunta ya yi gyaran murya ya kalli silin.

"Ci gaba."

"Ya ce, mu dai mu ja ta da lallashi. In muka ɗan ja lokaci, kamfanin zai..." Ta tsaya. Na ga leɓenta na motsi ba sauti, ta koma farkon layin ta sake bi.

"Zai me? Ba ke ce mai karatu ba? Karanta!"

"Kamfanin zai share da kansa. Shi ke nan magana ta ƙare, ba laifin kowa."

Ta miƙe tsaye kamar an tsikare ta. "Share? Wane irin share? Ba suna can a tsohon wurin ba?"

Na ce, "Au, bai gaya miki ba? Ya rufe tsohon wurin. Haka aikin yake, in ji shi."

"Ni ban ce a share ba. Wallahi Mama ban ce ba. Na ɗauka suna nan a ajiye, duk ranar da aka so a ɗauko. Ni dai a shago ne ba na son..." Ta danna kiransa. Muna jin tana ringin har ta katse. Ta sake kira. Ta katse. A na gaba aka ce wayar a kashe take.

Kawun nasu, mai mutanen kirki, mai na-bincika, ya sauko da idonsa daga silin. Ya sauke ƙafarsa daga kan ɗayar, ya zuba wa makullinsa ido kamar yau ya fara ganinsa.

Har yanzu da nake wannan magana wayar a kashe take. Na koma ofis, yarinyar nan mai toshe baki ta ce min ya fita ganin wani aiki, ba ta san yaushe zai dawo ba, tana faɗa tana kallon takalminta. Auta na ɗaki ta ƙi cin abinci. Ni kuma ban san ko muryar ɗana na nan a wannan sa'ar ko an riga an share ta ba, don mutum ɗaya ne a duniya zai iya tambaya, shi kuma ya zauna yana jiran lokaci ya yi masa aikin da ya ji kunyar yi a gabana.

To Mai Gilashi, saurara. Ka gaya wa iyayenka kada su wahalar da kansu, ƙofata ba za ta buɗu da maganar aure ba sai an gama wannan. Ka kunna wayarka. Ka ɗauko kwamfutarka ka zo shagona da rana, idon jama'a. Ka rubuta wa kamfanin nan a gabana, Auta na tsaye tana karanta min duk abin da ka rubuta, don yanzu ko gaisuwarka sai an tantance min. In an dawo da su, ka zuba min su a inda hannunka ba zai sake kaiwa ba. In kuwa ka bari aka share, to ka zo duk da haka, ka tsaya a gaban yarinyar da ka kira zuciyarka ka maimaita mata cewa ba laifin kowa.

Ku kuma da kuka san shi, abokan aikinsa, 'yan'uwansa, duk wanda wannan ya isa wayarsa, ku kai masa. Ku ce uwar Dogo na jira. Ya zo ya gaya min da bakinsa wanda ya ba shi ikon yanke wa ɗana ranar da zai yi shiru.